Jan Layin Ilu Fenta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa a Kibiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in je gidansa in gaida matarsa, Yaya Hajara, mu yi masa addu'a, in sha kunun da ta dama, in kama gabana ba. Ban taɓa zaton zan ɗauki biro in rubuto wa jarida ba. Ni direba ne, na fi shekara talatin ina jan a-kori-kura tsakanin kasuwanninmu da Kano, rubutu kuwa sana'ar Yaya ce, ba tawa ba. Amma bana raina a ɓace yake, kuma na gaji da faɗa a majalisa ana ce mini rigimar tsufa ce. An sa wa yayana ƙarya a baki bayan ransa, kuma a bakin ruwa aka kafa ƙaryar, ga damina ta sauka.

Wanda ya girma a Rano ko Kibiya ba sai na gaya masa wane ne Ilu Fenta ba. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai rubuta allunan shaguna da bayan motoci, rumfarsa na daf da tashar Rano. Gajere ne, marar yawan magana, babban yatsansa na dama bai taɓa rabuwa da fenti ba, ko ranar Sallah. In ka je da safe za ka tarar ya wanke burusansa da kananzir ya jera su a kan buhu, yana kallon allon da ba a rubuta komai a kai ba, ya fi minti goma bai ɗiga masa fenti ba. Mu da ba mu san kan abin ba mukan ce masa ya fara mana, rana na yi. Sai ya ce ai ya fara.

Rubutu iri biyu gare shi, kuma shi ya raɗa musu suna. Akwai rubutun rangwaɗa: haruffa su karkata, su riƙe hannun juna, na ƙarshe ya saki jela ta zagayo ƙarƙashin kalmar. Wannan shi ne ya yi masa suna har Kano. Shi yake yi wa masu shayi, da teloli, da masu aski, da bayan motocinmu. Sannan akwai rubutun tsaye: kauri, baƙi a kan fari, kowane harafi a tsaye shi kaɗai, ba ado ko na sisin kwabo. Wannan na wurin da in mutum ya yi kuskuren karatu zai ji a jikinsa ne, kamar ƙofar asibiti, da kwanar da ke cin motoci, da rijiyar da ta rufta. Bai taɓa gauraya su ba, kuma ba mai sa shi.

Ina zaune a rumfar wata rana wani Alhaji mai shagon maganin feshi ya zo. Ya ga allon wani mai shayi yana shanye, ya ce irinsa yake so sak, da jelar da komai. Yaya ya ce a'a, na tsaye zai yi masa, har da gargaɗin a ajiye maganin nesa da yara da abinci. Alhaji ya ce shi da shagonsa. Yaya bai ko ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, guba kake sayarwa, ba turare ba." Alhaji ya naɗe babbar riga ya tafi yana faɗa. Bayan kwana uku ya aiko a yi masa na tsayen.

Ni ma ina da nawa aikin a sana'ar, ko da yake ban taɓa riƙe burushi ba. Duk allon tsaye da Yaya ya gama, ba ya ba mai shi sai ya jingina shi a bakin titi, ya sa na taho a mota da gudun da direba mai sauri yake yi, in wuce, in dawo in gaya masa abin da na gani. Kuma ba ya bari in ga allon kafin nan, da buhu yake rufe shi. In na yi tuntuɓe a kalma ɗaya, shi ke nan, sai ya shafe da farin fenti ya sake. Akwai allon da na wuce sau biyar a rana ɗaya har na ce masa man ya ƙare. Ya ce mini wanda aka yi allon dominsa ba zai wuce sau biyar ba, sau ɗaya zai wuce.

Yanzu zan faɗi abin da ban so faɗa ba, domin in ban faɗe shi ba, ba za a gane dalilin fushina ba. A kan hanyar da ta bi ta bayan Kibiya ta nufi ƙauyukan Durba akwai rafi, inda muke ƙetarewa muna kiransa Mashigin Tsamiya. Da rani yashi ne zalla, sai wani baƙin dutse shimfiɗaɗɗe a tsakiya. Da damina kuwa, ko ba a yi ruwa a wajenmu ba, in an yi a sama sai ka ga ya taho ja wur. Wata damina, ina da ƙuruciya da taurin kai, na iso wurin da fasinja da kaya ranar kasuwar Rano. Na dubi ruwan na ce ba komai. Na shiga. Motar ta mutu a tsakiya, ruwan ya juya mata baya, mutane suka dira. Kowa ya fita sai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli, Talatu, daga Kahu. Washegari aka same ta a can ƙasa cikin saiwoyi. 'Yan'uwanta sun ce ƙaddara ce, sun yafe. Ni dai na san wanda ya taka totur.

Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Abin da ya yi shi ne, sauran daminar nan da wadda ta biyo ta, duk ranar da rafin ya kawo sai ya rufe rumfa ya tafi Mashigin Tsamiya da wata doguwar gora. Ya naɗe wando ya shiga, ya dafa gindin gorar a kan baƙin dutsen nan, ya yi alama. Ya tsaya ya ga a wane tsayi mai babur yake wucewa lafiya, a wane tsayi injin yake shan ruwa, a wane tsayi mace mai kaya a ka take fara tangaɗi. Ya tambayi Fulanin da ke ƙetarewa da shanu. Mutane suka fara cewa Ilu ya taɓu. Sai da ya gamsu sannan ya zana jan zobe guda a jikin gorar, ɗan ƙasa da gwiwata. Ya samo allon ƙarfe, ya sa aka kafa shi da siminti a gefen ruwan, ƙasa-ƙasa, inda ambaliya ke iso shi. Ya rubuta da rubutun tsaye: TSAYA. IN RUWA YA TAƁA JAN LAYI KADA KA SHIGA. Ya maimaita da ajami a ƙasa. Can gindin allon ya ja jan layi miƙaƙƙe, mai faɗin tafin hannu, daidai da zoben gorar. Ni na yi gwajin gudun allon nan, kuma sau ɗaya na wuce na karanta.

Tun daga ranar har ya rasu, har bayan rasuwarsa da shekaru, ban ji rafin nan ya sake cin kowa a mashigin ba. Wanda bai iya boko ba bai iya ajami ba, ya iya jan layi. Iyaye mata kan gaya wa 'ya'yansu tun suna ƙanana. Ni kaina na sha kwana a ƙauye da mota cike da tumatir yana ruɓewa saboda ruwa ya lashi layin da ɗan yatsa ɗaya.

To, ga abin da ya faru bayansa. Yaya ya bar ɗa namiji guda, Nazifi. Yaron kirki ne, ina faɗa da gaske, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga wa uwarsa murya. Bai gaji burushi ba, kwamfuta ya koya a Kano, ya dawo ya buɗe shagon buga allunan leda a Rano. Wata dabara ta zo masa: ya bi tsofaffin shaguna da gawarwakin motoci yana ɗaukar hoton rubutun rangwaɗar ubansa harafi-harafi, ya zuba a kwamfuta, ya mai da shi samfurin rubutu. Yanzu in ya danna, sai ga hannun Ilu Fenta ya fito, har da jelar. Ranar da ya fara nuna mini, wallahi hawaye na yi. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya raya sunan ubansa. Ban san abin da nake sa wa albarka ba.

Ku zaga Rano yau ku gani. Rubutun ya bar hannun Nazifi ma, sauran masu shaguna sun kwashe shi, wasu sun samo 'yan'uwansa daga waya, duk masu kwaikwayon rubutun hannu. Allon biki, rangwaɗa. Allon makarantar Islamiyya, rangwaɗa. Ɗakin shan magani, rangwaɗa, har sai ka tsaya ka karkata kai kafin ka gane ko teloli ne a ciki. Na ga sanarwar rasuwar wani dattijon limami, sunansa yana ta karairaya, jela ta zagayo ƙarƙashin ranar da ya rasu kamar ana gayyatar kamu. Shagon maganin feshin nan na Alhaji, yanzu 'ya'yansa ke ciki, sun cire na tsayen sun liƙa na rangwaɗa kore da ruwan hoda, gargaɗin yara kuwa an matse shi a kusurwa, sai mai tabarau. Na tsaya a gaban shagon ina tambayar kaina, da Yaya zai fito daga tasha yanzu ya ga wannan, me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Farin fenti zai nema.

Kada a ce ina zagin inji. Da inji na ci abinci, da shi na aurar da 'ya'yana. Abin da ke ci mini rai shi ne rubutun da ke cewa hannu ne ya yi shi alhali ba hannu a wurin. Rangwaɗar Yaya ba ɗaya ba ce. In mai shayi mai ƙiba ne mai raha, haruffansa kan fito da tumbi. In tela ne mai iyayi, sai su fito sirara suna ɗaga kai. Yana kallon mutum ne ya rubuta. Wannan na kwamfuta kuwa, harafin da ya yi wa amarya shi zai yi wa gawa, ba ragi ba ƙari, domin bai san wa ya mutu ba. Kuma rabin gwanintar Yaya ba a burushi take ba, a cikin cewa a'a take. Wannan rabin ba wanda ya ɗauki hotonsa. Na taɓa tambayar Nazifi ina rubutun tsayen, ya zuba shi a kwamfutar? Ya yi dariya ya ce, "Baffa, irin wannan ai kwamfuta cike take da shi, ba mai cewa na Baba ne. Rangwaɗar mutane ke so."

Duk wannan da na haɗiye shi, in yi ta mita a majalisa har in mutu. Amma da ranin da ya wuce sai abin ya iso Mashigin Tsamiya. Allon Yaya ya tsufa, gaskiya ne. Tsatsa ta ci gefensa, baƙin ya koɗe, jan layin ya koma ruwan ƙasa, ko da yake ana ganinsa. Wata ƙungiyar matasa ta yankin, masu cike ramukan hanya da yashe magudanai, suka ce za su sabunta shi. Niyya mai kyau. Suka je wajen Nazifi, shi kuwa da jin allon ubansa ne ya ce kyauta zai yi, sadaka ga mamaci. Ya zauna ya zuba duk iyawarsa. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi Yaya Hajara. Labari kawai na ji wai an yi taron buɗewa, har da lasifika da lemo.

Da na je na gani, sai da na zauna a kan yashi. Sun yanke ƙafafun tsohon allon, sun farfashe simintin, sun share wurin tas. A gurbinsa sun kafa dogayen turaku biyu, suka ɗaure allon leda a sama, wai don kada ambaliya ta yaga shi, kada awaki su ci. An yi masa hoton wani shuɗin kogi da bishiyoyin kwakwa, irin kogin da ban taɓa gani a ƙasar Kano ba. Kalmomin na Yaya ne, ba a canza ko ɗaya ba, amma da rangwaɗa, farare a kan shuɗi, sun sarƙe da juna. Ajamin ya tafi, sunayen shugabannin ƙungiya sun maye gurbinsa. Jan layin fa? Yana nan. Nazifi ya ga layi a tsohon allo, ya ɗauka ado ne aka ja wa rubutu a ƙasa, sai ya mai da shi jelar harafin ƙarshe, ya rina ta ja, ta lanƙwaso ta yi ciki ta sake ɗagawa sama. Abin gwanin kyau. Allon yana cewa in ruwa ya taɓa jan layi kada ka shiga, kuma jan layin yana lilo a iska inda ba abin da ya auna.

Washegari na ɗauko Nazifi a tsohuwar motata, tana tari amma tana tafiya. Na taho da gudu na wuce allon, na ce ya karanta. Ya karanta tsaf. Na ce ai dole, kai ka buga shi. Muka tsayar da wani malamin makaranta da ya taho a babur, baƙo ne a hanyar, muka tambaye shi me allon da ya wuce yake cewa. Ya ce ya zaci tallar ruwan leda ce. Sannan na kama hannun Nazifi na kai shi kan baƙin dutsen na tsayar da shi, na ce ya dubi layinsa. Cikin jelar, inda ta fi yin ƙasa, yana daidai ƙirjinsa. Bakinta kuwa ya wuce hularsa. Na ce, "Wanne daga ciki ruwan zai taɓa? Na ƙirjin ko na hular?" Ya dubi layin, ya dubi dutsen da yake tsaye a kai. Sai ya ce allon ba nasa ba ne yanzu, na ƙungiya ne, ba zai iya taɓa shi ba sai da izininsu.

Na je wajen shugaban ƙungiyar. Yaro ne da na sha ɗauka a mota kyauta yana ɗan makaranta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya saurare ni da ladabi, ya ce za a duba a taro. Aka yi taro, aka ce a kafa kwamiti. Kwamiti ya ce ba a daɗe da buɗe allon ba, manyan baƙi sun zo, hotuna sun zaga waya, in aka sauke shi yanzu za a ce ƙungiya ba ta san abin da take yi ba, a bari bayan damina. Bayan damina! Allon gargaɗin ruwa, wai a gyara shi bayan ruwa ya wuce! Da na ɗaga murya sai wani daga baya ya ce, "Baba dai ba ya son ci gaba." Na fita ban yi musu sallama ba, Allah ya yafe mini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a lokacin ba taurin kansu ba ne. Ko sun yarda a ranar, a wane tsayi za a ja layin? Tsohon allon na same shi a bayan shagon Nazifi an rufe janareta da shi, amma ƙafafunsa an yanke, simintin an farfashe. Awon da Yaya ya yi damina biyu yana yi a cikin ruwa, ba a takarda yake ba, a tsayin ƙafafun nan yake, kuma sun tafi wajen 'yan gwangwan. Ni na san ɗan ƙasa da gwiwa ne, amma ɗan ƙasa nawa? A ruwa mai gudu, yatsa huɗu ma magana ce. Na je ina ba Yaya Hajara labari a tsakar gida, ina cewa shi ke nan, aikin ya bi ruwa. Tana tankaɗe, sai da na gama ta nuna da haɓa ta ce, "Waccan fa?" Na waiwaya. Gorar da ta tokare igiyar shanyarta da ita shekara da shekaru, wadda na sha sunkuyawa in wuce ta gefenta, ita ce. Ta yi baƙi, ta tsage a sama, amma jan zoben yana nan. Ta ce tun yana raye ya ce mata ko itace ya ƙare a duniya kada ta sa ta a murhu. Ta ce, "Na zaci ka sani."

Tun da aka yi ruwan shuka nake zuwa mashigin duk ranar kasuwa da gorar nan. Ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, rafin ya kawo. Na shiga na dafa gorar a kan dutse, ruwa ya haye zoben da kusan taƙi guda, yana fizgar ƙafata. Na fito ke nan sai ga wani ɗan acaɓa, saurayi, ya ɗauko mace da goyo da ƙullin kaya. Ya rage gudu, ya ɗaga kai ya dubi allon leda, ya ga jan layi can sama ruwa bai ko kusa da shi ba, ya murɗa totur. Na gitta masa gorar a gaba. Ya taka birki har matar ta bugi bayansa. Ya hau ni da faɗa, ya ce tsoho ko na gaji da duniya ne. Na ce ruwan nan ba ya shiguwa. Ya nuna sama ya ce, "Baba, ba ka da ido ne? Bai taɓa layi ba. Layin Ilu Fenta ne fa wannan. Tun ina yaro uwata ke gaya mini, layin Ilu bai taɓa ƙarya ba."

Ban san lokacin da na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu ba. Na ce masa ni ƙanin Ilu ne, wannan ba layinsa ba ne, in zai shiga sai dai ya bi ta kaina. Muna cikin haka wani kututturen itace ya taho ta tsakiyar mashigin yana juyi, ruwan ya wuce da shi kamar kara. Matar ta sauka da kanta, ta koma gindin tsamiya ta zauna ta kwance goyonta. Ni dai fuskar Talatu kawai nake gani.

Daga nan ban je gida ba. Da wandon a jiƙe na shiga shagon Nazifi a Rano, yana tsakiyar buga wa wani allon bikin suna. Ban yi masa faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na maimaita masa maganar ɗan acaɓan kalma-kalma, na gaya masa akwai goyo a bayan matar. Ya kashe kwamfutar bai ko sallami mai allon ba, ya ɗauki reza a kan tebur, ya hau babur ɗinsa. Kafin la'asar allon ledar yana naɗe a ƙarƙashin hammatarsa. 'Yan ƙungiya yanzu suna fushi da mu biyun, sun ce za su kai ƙara wajen mai unguwa. Su kai. Zan je da gorar.

Na daɗe ina tunanin abin da ya rage na Yaya Ilu a duniya. Da, da an tambaye ni, cewa zan yi rangwaɗarsa, tunda ga ta a kowane bango daga Rano har Unguwar Gai. Yanzu na san ba ita ba ce. Wannan kwafi ne, kowa na iya danna shi. Abin da ya rage nasa yana bakin yaron da bai taɓa ganinsa ba, wanda uwarsa ta gaya masa cewa in Ilu ya ja layi, a yarda. Mutum ya yi shekaru yana cewa a'a, yana shafewa yana sakewa, yana tsayawa cikin ruwa ana ce masa mahaukaci, har mutanen ƙasa guda suka miƙa wa jan fentinsa rayukansu ba tare da tambaya ba. Wannan yardar ce gadonmu, kuma ita ce muka kusa kashe mace da jariri da ita, saboda mun ga jela ta fi kyau a hoto. Ku masu buga alluna, ba na ce ku daina rangwaɗa ba, ku yi wa masu shayi da amare har ku gaji. Amma in aka kawo muku abin da rai ya rataya a kansa, ku tambayi wa zai karanta, a wane gudu, kuma me zai same shi in bai gane ba. In ba za ku iya tambaya ba, ku ce a kai wani wuri.

Tsohon allon ƙarfen yanzu yana zauren Yaya Hajara. Nazifi ya kankare tsatsar, ya shafa farin fenti, maƙeri yana haɗa masa sababbin ƙafafu da za mu yanke daidai da zoben gorar. Na ce masa ba leda, ba inji, da burushi za a yi, domin fentin ƙarfe ne kaɗai ke jure ambaliya. Shekaranjiya na same shi durƙushe a gaban allon, ya rubuta harafin farko ya shafe har sau huɗu, fenti ya ɓata masa babban yatsa. Ya ɗago ya ce, "Baffa, yaya Baba yake riƙe burushin?"

Shekara nawa ina zaune a rumfar Yaya, ashe ban taɓa lura ba. Na ce masa ban sani ba, kuma ba wanda ya rage da zai gaya masa. Na ce ya yi shi da kauri, ko ya karkace ba komai, in ya gama ya rufe da buhu kada in gani. Ni zan ja motar, kuma sau ɗaya zan wuce.

Kafin fentin ya bushe, duk wanda ya iso Mashigin Tsamiya ranar kasuwa zai tarar da turaku biyu ba allo, da wani tsoho mai faɗa riƙe da gora. Ku yi haƙuri da faɗan, ku dubi zoben. Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya jiƙan Talatu.